MAKIR NA LODEBAR: MUTUMIN DA YA BA DA ƊAKI KAFIN SARKI YA TUNA

Karatun Littafi: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13, 17:27-29
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:16

Kada ka wuce wannan shafi sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku da idonka. Yawancinmu mun sha jin wa'azi a kan Mefiboshet. An gaya mana yadda Sarki Dawuda ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburin sarki. Mun tashi tsaye mun ɗaga hannu mun ce Halleluya, mu ma za a tuna da mu. Gaskiya ne, za a tuna da kai, cikin sunan Yesu. Amma a cikin labarin akwai wani mutum da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Sunansa Makir ɗan Ammiyel, kuma a gidansa aka sami Mefiboshet. Shi ne darasinmu na yau.

Yaron da yaƙi ya same shi har gida

Mefiboshet ɗan mayaƙi ne, jikan mayaƙi. Ubansa Jonatan da kakansa Saul sun faɗi a yaƙi ɗaya a Dutsen Gilbowa, a hannun Filistiyawa. Yaron yana da shekara 5. Da labari ya iso gida, mai renonsa ta sungume shi ta zura a guje, cikin gaggawa ya suɓuce ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace har ƙarshen ransa. Bai taɓa riƙe takobi ba, bai ga abokin gaba ba, amma yaƙi ya raba shi da uba da ƙafa da muhalli a lokaci guda.

Tsakanin wannan rana da ranar da Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Saul, shekaru masu yawa sun shige. Dawuda ya yi shekara 7 da wata 6 yana sarauta a Hebron kafin ya koma Urushalima, bayan haka kuma ya yi ta yaƙe-yaƙe. Sa'ad da aka kawo Mefiboshet fada, ya riga ya zama magidanci, har yana da ɗa mai suna Mika. To, tsaya ka yi tunani. Kafin sarki ya tuna, a ina gurgun nan yake kwana? Wa yake auna masa hatsi? Wa yake tallabe shi zuwa bayan gida? Wa ya tsaya masa har ya sami mata? Da sarki ya tambayi Ziba, amsar gajeriya ce: yana gidan Makir a Lodebar, can ƙetaren Urdun.

Kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. A wancan zamani, idan sabon sarki ya hau, sau da yawa yakan share zuriyar wanda ya gabace shi. Wanda ya ajiye jikan Saul a gidansa ya sa wuyansa a kan wuƙa. Ka yi tunanin abin da za a riƙa faɗa a bakin rijiya da dandalin gari: mutumin nan zai jawo mana masifa. Duk da haka Makir ya buɗe ƙofarsa, ba tare da alkawarin lada daga kowa ba.

Lodebar tana nan kusa da kai

Ba sai ka ƙetare Urdun ba. A nan Birnin Kebbi muna da Barikin Dukku. Akwai bataliya a Zuru. Hedikwatar Runduna ta 8 tana Sakkwato. Ƙasar Zuru ta daɗe da suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja, har marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami janar ne mai ritaya. Duba bencin da kake zama ranar Lahadi. Da wuya ka rasa matar soja, ko ɗan soja, ko uwar da ɗanta yake daji.

Ka kuma san abin da jiharmu ta gani. A watan Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A watan Maris 2022 sojoji suka rasa rayukansu a Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. A watan Nuwamba 2024 Lakurawa suka afka wa Mera, a ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, mu mukan kulle ƙofa mu durƙusa mu yi addu'a, waɗansu kuma su ɗaure takalmi su hau mota su nufi inda ake harbin. Rediyo yakan faɗi adadin waɗanda suka mutu. Wanda harsashi ya fasa masa ƙugu, ko nakiya ta ɗauke masa ƙafa, ko ƙarar fashewa ta toshe masa kunne, labarinsa yakan ƙare a kalma biyu: an jikkata. Daga nan kuma doguwar tafiyarsa take farawa.

Ga yadda takan kasance. Idan raunin ya yi tsanani, sai a wuce da shi babban asibiti, sau da yawa Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna. Daga Birnin Kebbi zuwa can tafiyar yini ce. Matarsa ta bar yara a hannun maƙwabta, ta bar ɗan cinikinta, ta bi shi jinya a garin da ba ta san kowa ba. Makonni su zama watanni. Idan likitoci suka tabbatar ba zai iya komawa bakin aiki ba, sai maganar sallama ta taso. Ɗakin bariki na aiki ne, ba gado ba ne. Wanda ya bar aiki dole wata rana ya miƙa makulli, gama wani soja yana jiran ɗakin. Takardun fansho suna bin hanyarsu zuwa Abuja, amma mai gidan haya yana son kuɗin shekara a hannu. In ma an sami gidan, sai a tarar da matakala a ƙofa, da lambatu a gaba, da masai na tsuguno wanda mai ƙafa ɗaya ba zai iya amfani da shi ba. Mutumin da ya kwana a rami domin ka kwana a katifa yanzu yana tambayar inda zai shimfiɗa tabarmar 'ya'yansa.

Sarki yana tunawa, amma kafin nan fa?

Kada mu zama marasa godiya. Hukuma tana yin nata. Kowace shekara a ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, ana sayar da tambarin tunawa domin tallafa musu. A watan Maris 2024, da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin gida ga kowane iyali da karatun 'ya'yansu. A ƙarshen 2024 rundunar sojan ƙasa ta buɗe rukunin gidaje 400 a Idu da ke Abuja, aka ware wani kaso kyauta ga waɗanda aka raunata a fagen fama. Tun Janairu 2019 kuma akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci. Mu gode wa Allah, mu riƙa yi wa shugabanni addu'a kamar yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti, mu kuma riƙa tuna musu alkawuransu cikin ladabi.

Amma Idu tana Abuja, ɗan'uwanka kuwa yana Badariya, ko Bayan Kara, ko Gwadangaji, ko wani lungu a Argungu. Tsakanin ranar da aka harbe shi da ranar da takardarsa za ta fito, akwai damina da rani, akwai kuɗin makaranta, akwai dare da yawa. Wannan tsakanin shi ne wurin Makir. Allah bai tambaye ka abin da Abuja ta yi ba. Yana tambayarka abin da ka yi da ɗakin da ka cika da tsofaffin kujeru da buhunan da ɓera ke ci.

Abin da unguwa ke tsoro

Yanzu bari mu faɗi gaskiya. Idan aka ji cewa iyalin soja mai rauni za su tare a shiya, ba kowa ne yake murna ba. Ana magana a ƙofar gida, a wurin mai shayi, har a bayan majami'a bayan an tashi sujada. Kada ka yi saurin cewa masu maganar mugaye ne. Yawancinsu iyaye ne masu tsoron abin da zai sami 'ya'yansu. Mu ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Na fari, ana cewa zai jawo mana 'yan bindiga. Wanda ya ji abin da ya faru a Mera ba za a ce masa matsoraci ba. Amma ka tambayi kanka, mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari, soja ne a gidajensu? Mugu ba ya jiran dalili. Abin da ake bukata shi ne hikima. Kada a buga hoton gidan a Facebook. Kada a yi shela a kan bagade cewa mun ba soja wane gida a layi kaza. A sanar da mai unguwa a natse, a gabatar da baƙon ga dattawan shiya, Musulmi da Kirista, gama haƙƙin maƙwabtaka abu ne da kowa a ƙasar nan ya taso ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Unguwar da ta san junanta ta fi wadda kowa ya kulle ƙofarsa tsaro.

Na biyu, ana cewa soja zafin rai gare shi, yana ihu cikin dare, kada wata rana ya ɗauko bindiga. Game da bindiga, ta hukuma ce, wanda aka sallama ba ya tafiya gida da ita. Game da ihun dare kuwa, gaskiya ne yana faruwa. Mutumin da ya ga abokinsa ya tarwatse a gabansa yakan farka a firgice, yakan zabura idan taya ta fashe ko yara suka buga abin fashewa lokacin Kirsimeti. Rauni ne a zuciya, kamar yadda wancan yake rauni a ƙafa. Mu ɗora masa hannu mu yi addu'a, mu kuma raka shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Ku daina saurin cewa aljani ne, ku daina barin yara suna yi masa waƙar mahaukaci. Amma kuma a ji ni da kyau: idan zafin ya kai ga dukan mata ko yara, kada a rufe da sunan haƙuri. Dattawan ikilisiya su shiga, a kare matar, a nema wa mijin taimako. Ƙauna ba ta barin mace ta mutu a ɗaki saboda a rufa asiri.

Na uku, ana cewa za su zama mana kaya, yau aron gishiri, gobe kuɗin magani. Ɗan'uwa, mutumin da ya saba ba da umarni, roƙo ya fi masa harsashi ciwo. Ka tuna da Mefiboshet a gaban sarki, yana kiran kansa mataccen kare. Haka nakasa da talauci suke karya zuciyar namiji. Mafi yawansu aiki suke so. Wanda ya rasa ƙafa yana da hannu da kai. Zai iya riƙe shago, ya iya lissafin ma'ajin shinkafa, ya iya koya wa matasan unguwa yadda ake sintiri cikin tsari da yadda ake tsayar da jini kafin a kai asibiti. Matarsa tana iya ɗinki ko tuya. Ka saya a wurinta. Wannan ya fi sadaka daraja.

Na huɗu, ƙananan abubuwa ne da suke girma su zama gaba. An zuba siminti a kan lambatu domin keken guragu ya wuce, sai maƙwabci ya ce an tare masa ruwa. Baƙi suna zuwa dubiya, babura sun cika lungu. Maganin wannan shi ne a yi magana tun kafin a kwaɓa siminti. A kira maƙwabcin dama da na hagu, a nuna musu, a sa bututu a ƙarƙashi domin ruwa ya wuce. Zumunta a ƙafa take. Gaisuwar safe guda ta kashe rigimar da za ta kai gaban alƙali.

Waɗanda suka kasa haye Besor

Akwai magana ta biyar, wadda ba a cika faɗarta da ƙarfi ba, amma ita ce ta fi zama a cikin ikilisiya. Ita ce: mu ma muna haya, mu ma muna da gwauraye da marayu, don me za a fifita soja? Ai an biya shi albashi.

Karanta 1 Sama'ila sura 30. Amalekawa sun ƙone Ziklag, sun kwashe mata da yara. Dawuda ya bi su da mutum 600. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka gaji liƙis, suka kasa hayewa. Sauran 400 suka ci gaba, suka ƙwato kome. A kan hanyar dawowa waɗansu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya kome daga ganima, kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Littafi ya kira masu wannan magana mugaye. Dawuda ya ƙi. Ya tuna musu cewa Ubangiji ne ya ba da nasarar, ya sa aka raba daidai tsakanin wanda ya tafi da wanda ya tsaya wurin kaya, har abin ya zama doka a Isra'ila.

Ka lura, waɗancan gajiya kawai suka yi, ba su zubar da jini ba, amma aka ba su rabonsu. Ina ga wanda ya haye, ya yi yaƙin, aka dawo da shi a kan makara da rai? Barcin da ka yi jiya, kasuwar da ka ci, sujadar da muka yi ba wanda ya tarwatsa mu, ganima ce da wani ya biya da jikinsa. Albashi ba ya sayen ƙafa. Kuma taimakon soja ba ya rage rabon gwauruwa. Ikilisiyar da ta koyi buɗe ɗaki ɗaya ita ce za ta buɗe na biyu. Rowa ce take cinye rabon kowa.

Kada kuma ka tsaya tambayar addininsa ko yarensa. Ranar da ya tsaya a bakin daji bai tambayi wa ke kwance a bayansa ba. Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misalinsa bai tambayi mutumin da ya tsinta a hanya asalinsa ba. Ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya ce zai cika sauran in ya dawo. Ka ga ko a wannan misali, bayan mai da ruwan inabi a kan rauni, abu na gaba shi ne wurin kwana.

Ku mutanen Argungu, kuna da Gidan Tarihi na Kanta inda aka adana takubba da masu da bakunan mazan jiya, baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Garin da ya ajiye makaman mazan da suka shuɗe bai kamata ya rasa ɗaki ga mazan da ke raye ba. Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka binne tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Gari ne da ya san karɓar baƙo. A 2020 kuma, da ruwa ya cinye gonakin shinkafa da gidaje a jihar nan, wa ya fara ba mutane wurin kwana kafin motocin agaji su iso? Dangi da maƙwabta. Abin da muka yi wa wanda ruwa ya kora, mu yi wa wanda wuta ta kora.

Gado, tebur, kujera da fitila

Matar Shunem, a 2 Sarakuna sura 4, ba ta gina wa Elisha fada ba. Ta yi shawara da mijinta, suka yi ƙaramin ɗaki, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Ta duba abin da baƙon yake bukata ta tanada. Haka za mu yi.

Idan kai mai gidan haya ne, ka karɓi kuɗin wata-wata har fanshonsa ya fito, kada ka ce sai na shekara. Ka ba shi ɗakin ƙasa, kusa da ƙofa. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, domin kada alheri ya zama rigima bayan ranka.

Idan kai magini ne ko kafinta ko mai walda, ka ba Ubangiji Asabar ɗaya. A faɗaɗa ƙofa yadda keke zai shiga. A yi gangara mai sauƙi a maimakon matakala. A sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango. Ku tuna da zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar nan: dungulmin ƙafa a cikin ƙafar roba yana gumi ya yi gyambo, saboda haka ɗakin yana bukatar taga da inuwa. Kada a zaɓi gida a kwari kusa da fadama, gama wanda ba ya iya gudu ba a ajiye shi a bakin ruwa. A duba kusancin famfo ko rijiyar burtsatse, domin duk ɗiban ruwan yanzu a kan matar yake.

Ke 'yar'uwa a zumuntar mata, matar sojan nan ita ce take ɗauke da gidan a kanta. Ita ce mai jinya, ita ce mai nema, ita ce take jin ihun dare. Ku raba kwanaki. Wata ta riƙe mata yara ranar asibiti, wata ta raka ta kasuwa, wata ta zauna kawai ta saurare ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Idan kai ma'aikacin ofis ne, ka zauna da shi ku tsara takardunsa: ta sallama, ta likita, ta banki. Ka haɗa shi da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha. Idan kai matashi ne mai babur ko keke mai ƙafa uku, ka ɗauki nauyin kawo shi sujada. Ku dattawa kuma ku duba ƙofar majami'armu. Mutum huɗu sun fasa rufin gida a Kafarnahum domin su kai shanyayye gaban Yesu. Mu ba a ce mu fasa rufi ba, buhun siminti kaɗan ne a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da za mu koya daga nesa. A Amurka, tun 1990 wani attajiri da matarsa suka fara shirin gidajen da ake kira Fisher House kusa da asibitocin soja, inda iyalin majiyyaci suke sauka kyauta muddin ana jinya. Mu ba mu da dukiyarsu, amma muna da abin da ya kai ta: 'yan'uwa a kowane gari. Fasto ya ɗaga waya ya kira ikilisiya a Kaduna ko Sakkwato ya ce 'yarmu tana zuwa jinyar mijinta, ku ba ta ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu'ujiza da makulli

Mu masu bi ne da ikon Ruhu Mai Tsarki. Mun gaskata gurgu yana tashi, gama ya tashi a Ƙofa Kyakkyawa ta bakin Bitrus, kuma Yesu bai sake ba. Za mu ci gaba da azumi da addu'a domin warkarwa. Amma ka lura da yadda sura ta 9 ta ƙare. Mefiboshet yana cin abinci a teburin sarki kullum, kuma har yanzu gurgu ne. Allah bai jira ƙafafunsa su miƙe ba kafin ya ba shi wuri. Kada kai ma ka ce wa ɗan'uwa ya tafi ya ƙara bangaskiya alhali makullin ɗaki yana aljihunka. Kada ka sa shi jin cewa rashin warkewarsa zunubinsa ne.

Duba ikilisiyar farko. A Ayyukan Manzanni sura 2 sun cika da Ruhu sun yi magana da waɗansu harsuna. A sura 4, masu gonaki da gidaje suna sayarwa suna kawo kuɗin, har ba a sami matalauci a cikinsu ba. Barnaba ya sayar da gonarsa. Ruhun da ya kwance harshensu shi ne ya kwance hannunsu. Idan wutar Fentikos ta sauko maka da gaske, za ta kai har aljihu da ƙofar gida. Ka kuma tuna cewa Mai Cetonka mai rauni ne. Ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannu da na mashi a kwiɓi, ya nuna wa Toma. An yi masa rauni a yaƙin da ba nasa ba, domin ka sami wuri a gidan Uba. Wanda aka karɓa haka ba shi da bakin rufe wa mai rauni ƙofa.

Makir ya sake bayyana

Yanzu koma sura ta 17. Shekaru sun wuce. Absalom ya yi wa ubansa tawaye, Dawuda ya gudu daga Urushalima ya ƙetare Urdun zuwa Mahanayim, shi da mutanensa, da yunwa da ƙishi da gajiya. Sarkin da yake ba da gidaje yau ba shi da wurin kwana. Su wa suka tarye shi? Shobi, da Barzillai, da Makir ɗan Ammiyel daga Lodebar. Abin da aka fara lissafawa cikin kayan da suka kawo shi ne gadaje, sannan daruna da tukwane da alkama da wake da zuma da tumaki.

Ka ga halin mutum. Jiya jikan Saul, yau Dawuda. Makir bai duba wane gida ne yake kan mulki ba, wanda ya rasa wurin kwana yake dubawa. Saboda haka sunansa yana cikin Littafin Allah har yau, muna karanta shi a bakin Gulbin Rima bayan shekaru kusan 3,000. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duniya kuma juyi-juyi ce. Ɗanka da yake firamare yau yana iya sa kaki gobe. Irin unguwar da kake ginawa yanzu, ita ce za ta karɓe shi.

Abin yi a wannan mako

Ka tambayi fasto ko shugabar zumuntar mata ko akwai iyalin soja mai rauni a ikilisiya ko a shiyarku. Ka je da ƙafarka ka gaishe su. Kada ka tambaye shi yadda abin ya faru, in ya so zai faɗa. Ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a gidan da yake. Sannan ka zaɓi abu ɗaya da ƙarfinka zai iya, ka yi shi kafin Lahadi mai zuwa, ba tare da ka busa ƙaho ba. In kuwa kai ne mai raunin, ko ke ce matarsa, kada kunya ta rufe muku baki. Ku faɗa wa dattawa. Ba roƙo kuke yi ba, rabonku ne.

Batutuwan addu'a

1. Ka gode wa Allah domin kowane dare da ka kwana lafiya, da waɗanda suka tsaya tsaro.
2. Ka roƙi warkarwa ta jiki da ta zuciya ga sojojin da ke kwance a asibiti da a gida.
3. Ka yi addu'a domin matansu da 'ya'yansu, kada yaro ɗaya ya bar makaranta.
4. Ka roƙi Ubangiji ya buɗe kowace takarda da ta maƙale, ya ba shugabanni zuciyar cika alkawari.
5. Ka tsauta wa ruhun tsoro da rowa da kishi a cikin ikilisiya da unguwa.
6. Ka yi addu'ar salama ga masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru.

Addu'a

Ya Uba na Sama, kai ne ka karɓe ni sa'ad da ba ni da wurin zuwa. Ka cika ni da Ruhunka, ka buɗe idona in ga mai raunin da ke kusa da ni. Ka kawar da tsoro daga zuciyata, ka ba ni hikimar zama da maƙwabtana. Ka mai da gidana mafaka, ka mai da ikilisiyarmu wurin da gurgu zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Ka warkar da sojojinmu, ka share hawayen iyalansu, ka kawo ƙarshen zubar da jini a ƙasarmu. Na roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijina. Amin.